Ƙullutu a Jikin Kare: Yatsa Ba Ya Gane Irinsa

Shirin lafiyar dabbobi na wannan mako ya ɗan ajiye shanu da tumaki a gefe, ya waiwayi dabbar da ake mora ƙwarai amma ba a cika kai ta asibiti ba, wato kare.

Mafarauci ba ya shiga daji sai da shi. A ruga shi ne yake fara jin motsin ɓarawo tun makiyayi bai farka ba. Mai lambu da mai gonar bayan gari sun san amfaninsa, a unguwannin masu hali na Kano da Kaduna da Abuja kuwa akwai manyan karnukan ƙasashen waje irin su Alsashiyan, waɗanda ake zuba kuɗi masu kauri kafin a mallake su. Malamai sun daɗe da bayyana halaccin ajiye kare don farauta ko kiwo ko tsaron gona, kuma duk dabbar da mutum ya ɗaure a gidansa, cinta da shanta da lafiyarta suna wuyansa. Amma a aikace, saniya ta ƙi cin ciyawa yini guda an aika a kira malamin dabbobi. Kare kuwa sai ƙullutu ya yi wata shida a jikinsa ana cewa, "Ƙyale shi, zai lashe abinsa."

Yawanci katari ake yi a gano ƙullutun. Yaro na zaune yana cire wa kare kaska a wuya, ko ana masa wanka gashin ya kwanta, sai yatsa ya ci karo da wani ɗan tudu a ƙarƙashin fata. A latsa, karen bai ko motsa ba. Yana ci, yana haushi, yana guje-gujensa. Daga nan sai kowa a gidan ya zama likita: wannan ya ce maruru ne, wancan ya ce kitse ne, wani ya ce a kira wanzami ya tsaga.

Abin da likitocin dabbobi ke nanatawa shi ne, yatsa ba ya bambance ƙullutu. Ko likitan da ya ga jiya ya ga yau ba zai shafa ƙari ya rantse cewa ba kansa ba ce. Ido ma yaudara yake yi. Ƙarin da ya fi kowanne ƙyama, mai wari da zubar jini, sau da yawa shi ne mai jin magani. Ɗan mitsitsin da ba ya zafi ba ya ƙaiƙayi kuwa, wani lokaci shi ke tafiya da ran karen.

A fara da masu sauƙi. Da damina, idan 'yan kwikwiyo suka fito da ƙuraje masu tauri a ciki ko cinya ko tsakanin yatsu, kowane da ɗan rami a tsakiyarsa yana tsattsafo da ruwa, to mai yiwuwa tsutsa ce. Wani ƙuda ne da likitoci ke kira tumbu yake zuba ƙwai a rairayi mai inuwa inda fitsari ko kashi ya taɓa, wato daidai wurin da kare ke kwanciya. Cikin kwana 3 ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda fata ta shige, ta zauna kwana 8 zuwa 12 tana ci tana ƙiba, sannan ta faɗo ƙasa ta zama ƙuda. Wanda ya ƙura wa ramin ido zai ga wani abu yana leƙowa yana komawa. Numfashi take yi. Idan aka toshe ramin da basilin iska ta yanke mata, sai ta yunƙuro waje, a matsa gefen a hankali ta fito fara sol, ɓul-ɓul, tana motsi. Guda ɗaya ko biyu ana iya cirewa a gida a wanke wurin. Kwikwiyon da ke ɗauke da goma ko ashirin na likita ne, domin ramewa yake yi, ramukan kuma su ruɓe. Ƙudan nan dai shi ne yake zuba ƙwai a tufafin da aka shanya a ƙasa ya shiga jikin yara, shi ya sa guga ba don ado kaɗai ake yin ta ba.

Karen farauta kuwa abokin ƙurji ne. Cizon ɗan'uwansa, ko ƙaya, ko tsinken beguwa ya soke shi, bakin raunin ya rufe daga sama, mugunya ta taru a ciki. Bayan 'yan kwanaki wurin ya kumbura ya yi zafi, karen ya ƙi a taɓa, wani lokaci har da ƙin abinci. Likita zai tsaga ya wanke ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kunnen da ya cika ya yi luhu-luhu jini ne ya taru a cikinsa saboda yawan karkaɗa kai da susa, kuma idan ba a magance abin da ke sa ƙaiƙayin ba, zai dawo. Ɗan kumburi mai laushi a cibiyar kwikwiyo ƙaba ce. Kada a kuskura a huda, domin hanji na iya kasancewa a ciki. Sai ƙarin kitse, wanda ya fi fitowa ga tsofaffin karnuka masu ƙiba: laushi gare shi, yana zamewa a ƙarƙashin fata, yana shekaru bai yi ɓarna ba.

Yanzu ga wanda ya fi tayar da hankali. Mai kare ya tashi da safe ya ga ɗigon jini a inda karen ya kwana. Ya duba jiki, babu rauni. Washegari ma haka. Idan karya ce sai a ɗauka lokacin barbararta ne ya zo, amma jinin ya ƙi tsayawa, mako uku, wata guda, wata biyu. Daga baya wani jan nama ya turo daga gabanta, gudaji-gudaji, da an taɓa ya fashe da jini, ga wari ga ƙudaje. A jikin namiji ɓuya yake yi can cikin fatar da ta rufe gabansa, sai likita ya janye ta ake gani. A nan ne mutane da yawa ke yanke ƙauna. Wasu su kori karen daga gida, wasu su kai shi bayan gari su sake shi, kuma wannan shi ne mafi munin abin da za a yi, saboda dalilin da za a ji yanzu.

Ƙarin nan kansa ce, amma kansa mai ban mamaki, domin daga kare zuwa kare take yaɗuwa. Ba wata ƙwayar cuta ce ke ɗaukar ta ba. Ƙwayoyin naman ƙarin ne da kansu suke ɓallewa a lokacin barbara su manne a jikin ɗayan, su ci gaba da girma a can. Shinshina da lasa ma kan kai shi hanci ko baki. Wani likitan dabbobi ɗan Rasha mai suna Novinsky ya nuna tun 1876 cewa ƙarin yana iya tashi daga kare zuwa kare, lokacin da ya ɗebi naman ƙarin daga jikin wani kare ya dasa a jikin wani, ya kuwa kama. A zamaninmu, Farfesa Elizabeth Murchison ta Jami'ar Kambirij da ke Ingila da abokan aikinta sun bi diddigin asalinsa. Binciken da suka fitar a 2019, bayan nazarin ƙari 546 daga sassa daban-daban na duniya, ya nuna cewa duk tsatsonsu ɗaya ne: daga jikin kare guda tak suka fito, wanda ya rayu tsakanin shekaru 4,000 zuwa 8,500 da suka wuce, mai yiwuwa a nahiyar Asiya. Karen ya mutu tun tuni, naman jikinsa kuwa yana nan da rai a jikin karnukan ƙasashe aƙalla 90, ciki har da Najeriya. A ɗakin gwaji ma ana ganin shaidar cewa baƙo ne: ƙwayar halittar kare tana da kuromozom 78, ta wannan ƙari kuwa kusan 59. A Birtaniya cutar ta ɓace a cikin ƙarni na 20, ba don an gano allurar rigakafinta ba, sai don an daina barin karnuka suna gararamba a titi. Karen da aka kora da ƙarin a jikinsa, ke nan, rarraba shi zai yi ga karnukan unguwa.

Ba ta kama mutum. Kuma abin farin ciki, tana cikin kansar da ta fi kowacce jin magani. Akwai wata allura mai suna binkiristin da ake yi a jijiya sau ɗaya a mako, yawanci na mako 4 zuwa 6. Tun daga allura ta farko ko ta biyu jinin kan tsaya, naman ya fara motsewa, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na karnukan da aka kammala wa suna warkewa sarai. Yanka kaɗai ba ya wadatarwa, don ƙarin yakan sake tsirowa. Sai dai allurar ba ta mai shagon magani ba ce. Dole ta shiga cikin jijiya daidai, idan ta zuba a nama ƙone shi take yi ya zama gyambo, kuma tana rage ƙwayoyin jinin da ke kare jiki, don haka likita yakan duba jinin kafin ya sake yin ta. Mace mai juna biyu ba ta taɓa ta. Daga wata fulawa 'yar asalin Madagaska ake samo maganin, mai fure ruwan hoda ko fari, wadda ake shukawa don ado a harabar gidaje da ofisoshi. Kada wani ya ji haka ya je ya tsinko ganyenta ya dafa wa kare. Guba ce, kuma abin da ake tatsowa daga cikinta a masana'anta ba a samun sa a tukunya.



Sai masu shiru, waɗanda su ne abin tsoro. Karya tana da nonuwa biyar-biyar a kowane gefe, kuma idan ta manyanta, musamman daga shekara 7 zuwa sama, ɗan tauri kan fito kusa da ɗaya daga cikinsu, galibi na baya da ke wajen cinya. Ba zafi, ba ja, tana shayar da 'ya'yanta lafiya lau. Amma kusan rabin irin wannan ƙari muguwar kansa ce, mai bin jini da kaluluwa ta sauka a huhu. Shi ya sa likita yakan nemi a ɗauki hoton ƙirji kafin ya yi tiyata. Girma yana da muhimmanci ƙwarai: wanda aka cire bai kai santimita 3 ba ya fi ba da kyakkyawan sakamako nesa ba kusa ba. Karyar da aka kawo tana tari tana haki, ƙarin ya fashe yana jan ƙasa, an riga an makara.

Ana iya rage haɗarin tun da wuri. Wani bincike da aka yi a Kalifoniya ta Amurka aka buga a 1969 ya gano cewa karyar da aka cire wa mahaifa da ƙwai kafin ta fara neman barbara, haɗarinta bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 na wadda ba a yi wa ba; bayan zuwan farko ya zama kashi 8, bayan na biyu kashi 26. Masu bincike na baya sun yi tababa a kan ƙarfin waɗannan alƙaluma, kuma manyan karnuka akan so su ɗan girma kafin a yi musu aikin, don haka lokacin da ya dace shawara ce tsakanin mai kare da likitansa. Abin da babu gardama a kansa shi ne allurar hana ɗaukar ciki da wasu ke yi wa karya don gudun tarin kwiyakwiyai: tana ƙara haɗarin ƙarin nono, tana kuma jawo ruɓewar mahaifa.

Akwai wata kansar fata da ta fi kowacce iya ɓad da kama. Takan zo da siffar cizon ƙwaro, ko ƙurji, ko ma ƙarin kitsen nan mai laushi da aka ce ba ya ɓarna. Yau ta kumbura, jibi ta saɓe, mai kare ya ce alhamdu lillahi ta tafi. Ba ta tafi ba. Wani sinadari ne a cikinta da ake kira histamin yake fita idan an matsa ta ko karen ya sosa, wurin ya yi ja ya tashi, sannan ya lafa. Sinadarin har gyambon ciki da amai yana sawa. Wajen cire ta sai likita ya haɗa da lafiyayyen nama na santimita 2 zuwa 3 a kewaye, domin saiwoyinta sun wuce inda ido ke gani. To idan tana ƙafa, inda fata ba ta da yalwa, kuma an bari ta yi girma, ina za a samo fatar da za a rufe ramin?

Kumburin kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi, da gaban kafaɗa, da bayan gwiwa, musamman idan duka suka tashi a lokaci guda, yana iya zama kansar kaluluwa. Amma a ƙasarmu cututtukan da kaska ke kawowa suna yin haka, haka ma sammoren da ƙudan tsando ke sa wa karen da ya shiga kurmi, wanda har idonsa kan yi fari. Waɗannan suna da magani, kuma ɗigon jini a ƙarƙashin madubin likita yakan raba gardama.

To yaushe za a tafi asibiti? Dokta Sue Ettinger, ƙwararriyar likitar kansar dabbobi a Amurka, ta yayata wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: ƙullutun da ya kai santimita 1, kamar ƙwayar gyaɗa ke nan, kuma ya yi wata guda bai tafi ba, a kai shi a gwada. A ranar da aka fara ganin sa, a ɗora rula a gefensa a ɗauki hoto da waya, bayan mako a sake. Hoton ya fi "ina jin ya ɗan ƙaru" amfani a wurin likita. Wasu kuwa ba a jira musu wata: wanda ke girma ana gani, ko yake zubar jini, ko ya manne da nama ba ya motsi; kumburi a ƙashin ƙafar babban kare tare da ɗingishi; ƙari a baki mai sa dalala da wari; ɗan maraina ɗaya da ya fi ɗaya girma a tsohon kare. Fuskar da ta kumbura farat ɗaya bayan dawowa daga daji, cizon maciji ko harbin zuma ake zargi, kuma wannan na yanzu-yanzu ne.

Gwajin kansa ba wani abin fargaba ba ne. Likita zai tambayi shekarun karen, da lokacin da aka fara gani, da ko an yi masa fiɗiya, da ko yana fita yawo. Sai ya soka siririyar allura a cikin ƙullutun, ya zuƙo ɗan abin da ke ciki, ya shafa a kan gilashi, ya sa masa launi, ya duba a madubi. Yawanci ba a ma sa karen barci, minti kaɗan an gama. Kitse yana nuna kansa nan take da maiƙo a kan gilashin, mugunya ma haka. Idan allura ba ta ba da amsa ba, sai a yanki ɗan guntu a aika ɗakin gwaji.

Kafin a kai ga nan, ga abubuwan da ke ɓata aiki. Sakiya da tsaga da ɗaure ƙari da zare ko roba don ya faɗi, duk suna mayar da ƙaramin aiki babba. Baƙin man mota da ake shafawa guba ne, kuma kare lashewa yake yi. Maganin ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen da dikulofenak yana huda cikin kare ya lalata masa ƙoda, farasitamol kuma idan ya yi yawa hanta yake ci. Sannan ba duk mai farar riga a shagon maganin dabbobi ba ne likita. Likitan gaske yana da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, kuma ba laifi ba ne a tambaya.

Wuraren zuwa suna nan. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da asibitin koyarwa na dabbobi, haka Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Maiduguri. Manyan biranen jihohi suna da asibitocin dabbobi na gwamnati da na kuɗi. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana da ɗakunan gwaji, ita ce kuma ke sarrafa allurar rigakafin haukan kare a cikin gida. Matsalar da mai kare a birni ya fi sani ita ce abin hawa, domin ba kowane mai Adaidaita Sahu ba ne zai yarda a sa masa kare a baya. Likitoci da yawa suna zuwa gida idan an kira su, aƙalla don duban farko.

A kula da hannu. Karen da ke jin zafi yana iya cizon ubangidansa, don haka a sa masa takunkumi, ko a naɗe bakin da tsumma mai laushi a ɗaure a bayan kunne, muddin ba haki ko amai yake yi ba. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya wuce asibiti a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Tunda an riga an je wurin likita, sai a duba katin rigakafin karen a sabunta.

Idan an yanke shawarar tiyata, likita zai faɗi awannin da za a hana karen abinci kafin a sa shi barci, kuma a kiyaye, domin amai a cikin barcin magani yana shaƙe shi. Bayan aiki akan sa masa wata faffaɗar kwala ta roba a wuya don kada ya kai baki ga ɗinkin. Karnuka sun tsane ta, yara kuma sukan tausaya su cire, kare kuwa cikin dare ɗaya zai warware aikin da aka biya kuɗi aka yi. A ajiye shi a ɗaki mai tsabta inda ƙuda ba ya kaiwa, a hana shi fita farauta ko yawo har a cire zare, yawanci bayan kwana 10 zuwa 14. Mai kare ya roƙi likita kada a jefar da naman da aka cire, a aika shi gwaji ko da zai ƙara ɗan kuɗi, domin sakamakon ne zai nuna ko an kwashe shi duka, ko sai an koma, ko kuma wani magani zai biyo baya. Daga nan kuma sau ɗaya a wata a bi jikin karen da tafin hannu tun daga muƙamuƙi har gindin wutsiya, a haɗa da hammata da nonuwa da kan tabon.